Yadda ake tara 'yan sa-kai, a kuma riƙe su, a fodkas ɗin maza masu sauyin jinsi

Shirin fodkas, wato shirin sauti da ake saurara ta intanet, in mutum ɗaya ne yake ɗauke da shi ba kasafai yake yin nisa ba. Kashi na farko da na biyu zumuɗi ne ke tafiyar da su. Daga nan sai neman baƙo da tace sauti da rubuta bayani da amsa saƙonni su taru su danne mai shirin, ya fara tsallake mako, ya tsallake wata, a ƙarshe a ji shiru. Idan shirin na maza masu sauyin jinsi ne, wato waɗanda aka rubuta su mata ranar haihuwa amma suka san kansu maza ne, wannan shirun yana da ciwo na daban. Cikin masu sauraro akwai wanda bai taɓa zama da irinsa ido da ido ba, kuma a shirin ne kaɗai yake jin ana maganar rayuwarsa ba da ba'a ba. Saboda shi ya kamata a raba aikin tun kafin gajiya ta zo.

Sai dai kiran 'yan sa-kai a nan ba ɗaya yake da kiransu a shirin ƙwallo ko na fina-finai ba. A can lokacin mutum kawai ake nema. A nan ana neman muryarsa, da labarin jikinsa, wani lokaci har da sirrin da iyayensa ko abokan aikinsa ba su sani ba. Don haka duk abin da zan faɗa a kan ginshiƙi ɗaya yake tsaye: ku tsara aikin ta yadda wanda ya shigo zai iya cewa a'a, ya iya dakatawa, ya iya fita, bai cutu ba.

Mataki na farko: ku rubuta ayyukan kafin ku kira kowa

Sanarwar da ta ce "muna neman masu taimako" ba ta kawo kowa sai masu kyakkyawar niyya da ba su san abin da za su yi ba, bayan mako biyu kuma su ɓace. Ku zauna ku bi kashi ɗaya na shirinku tun daga tunanin maudu'i har zuwa fitarsa, ku rubuta kowane aiki da aka yi da awannin da ya ci. Za ku ga gabatarwa ƙaramin ɓangare ce. Akwai mai nemo baƙi ya tsayar da lokaci da su, mai binciken maudu'i, mai tace sauti, mai mayar da shirin rubutu domin kurame da masu son karatu, mai tantance duk wata magana ta lafiya ko doka, mai zanen hoton shiri, mai kula da shafukan sada zumunta, da mai buɗe akwatin saƙo. Kowanne ku rubuta masa layi uku: mene ne aikin, awa nawa yake ci a wata, wa zai karɓa daga hannunsa.

Yawan ayyukan da ba sa buƙatar makirufo ba ƙaramin abu ba ne a wannan shirin, kuma a nan nake so a tsaya. Ga maza da yawa masu sauyin jinsi, murya ita ce wurin da ya fi ciwo. Ita ce take sa a kira mutum da sunan da ba nasa ba a waya. Wanda ya fara amfani da sinadarin testostaron a ƙarƙashin kulawar likita, muryarsa takan fara kauri cikin shekarar farko, ta kan ɗauki shekara 1 zuwa 2 kafin ta zauna, kuma ba ta komawa yadda take. A tsakanin nan tana karyewa, tana dushewa, tana saurin gajiya. Wasu kuma ba su fara ba, wasu ba za su taɓa farawa ba, ko don lafiya, ko rashin hali, ko don ba sa so. Jin muryarsa a naɗe yana iya yi wa mutum nauyi ƙwarai. Idan ƙofar shiga ɗaya ce, ita ce magana, kun rufe wa mafi yawan waɗanda suka fi buƙatar shiga. Haka kuma kada kaurin murya ya zama abin da kuke zaɓen mai gabatarwa da shi, ko da a zuci. Mai sauraron da muryarsa siririya ce yana buƙatar ya ji irinta tana jan ragamar shiri.

Ku yanke shawara tun yanzu a kan wanda zai iya shiga. A ganina, zaɓen maudu'i da gabatarwa su kasance a hannun waɗanda shirin nasu ne. 'Yan uwa da abokai da likitoci masu goyon baya suna da wurinsu a tace sauti, rubutu, tantancewa, da zuwa a matsayin baƙi. Kada a nemi kowa ya kawo shaidar ko shi wane ne: ba takardar asibiti, ba hoto, ba tambayar wace tiyata ya yi. Sharaɗi ɗaya da ba zan sassauta ba shi ne shekaru 18 zuwa sama, domin yaro ba zai iya ba da irin amincewar da wannan aikin yake buƙata ba.

Mataki na biyu: sanarwa da tantancewa

Sanarwa ta zama gajera: ga shirin, ga ayyuka uku ko huɗu da ake buƙata yanzu, ga lokacin da kowanne zai ci, ba a biya, ba dole sai da gogewa ba, kuma ba sai mutum ya faɗi sunansa na takarda ba. Ku karanta ta a cikin shirin da kansa, domin wanda ya daɗe yana sauraro ya riga ya san ruhinsa. Ku kai ta ƙungiyoyin tallafi da kuka sani. Ku kuma tura wa mutane kai tsaye. Yawancin waɗanda suka fi amfani ba sa ɗaga hannu da kansu sai an ce musu, "Kai muke so, saboda kaza."

Ku duba waɗanda suka amsa. Idan duk matasa ne 'yan birni masu ilimin jami'a, shirin zai karkata ba tare da kowa ya yi niyya ba. Ku nemi dattijon da ya fara wannan tafiya bayan ya wuce hamsin, da uban da ya haifi 'ya'yansa da kansa, da mai naƙasa, da wanda bai taɓa shiga asibiti don wannan ba.

Fam ɗin shiga kada ya tambayi abin da ba ku buƙata. Sunan da mutum yake so a kira shi, yadda yake so a ambace shi, hanyar samunsa, aikin da yake sha'awa, da bambancin agogonsa da naku sun wadatar. Duk bayanin da ba ku karɓa ba, ba mai iya sace shi daga wurinku. Ku buɗe imel na shiri shi kaɗai, ku yi hira ta manhajar da take kulle saƙo daga baki zuwa baki irin su Signal, wadda tun 2024 take ba da damar amfani da laƙabi ba tare da nuna lambar waya ba, ku kuma kunna saƙo mai goge kansa.

Akwai masu shigowa da mugun nufi, su tattara sunaye da muryoyi su watsa. Wannan gaskiya ce, ba tsoro ba. Wasu ƙungiyoyi sukan ce sai wani na ciki ya tsaya wa mutum, kuma hanyar tana aiki, amma tana korar wanda bai san kowa ba, alhali shi ne ya fi kowa kaɗaici. Mafita ita ce amana ta shigo sannu a hankali. Ku yi hirar minti ashirin da sabon mutum, mutum biyu daga cikinku. Ku ba shi aikin da ba ya taɓa sirrin kowa: gyara rubutun kashin da ya riga ya fita, ko tattara bayani a kan wani maudu'i. Ɗanyen sauti da jerin sunayen baƙi da kalmomin sirri sai bayan watanni, kuma sai ga wanda aikinsa yake buƙatarsu.

Mataki na uku: yarjejeniyar amincewa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma shi aka fi tsallakewa saboda ana ganin ai duk gida ne. Magana zarar bunu ce. Fodkas yana tafiya ne ta hanyar RSS, wato jerin da yake sanar da manhajoji fitowar sabon kashi: da zarar kun saki kashi, manhajoji irin su Apple Podcasts da sauransu za su janye shi, wayoyin mutane su sauke shi kai tsaye. Kuna iya goge shi daga wurinku, amma kwafin da ya shiga wayar wani ba ku da iko da shi. Duk wanda zai yi magana a shirin, ɗan sa-kai ne ko baƙo, sai an gaya masa wannan ƙarara, kafin a kunna na'ura.

Ku rubuta takarda mai shafi ɗaya da harshe mai sauƙi, ku bi ta tare da shi baki da baki, ba a tura masa ya danna "na yarda" ba. Ta ƙunshi sunan da za a kira shi da shi a shiri da kuma a rubuce, ko za a ambaci ƙasarsa ko sana'arsa, ko za a sa hotonsa, ko ya yarda a yanko gutsuren maganarsa a sa a shafukan sada zumunta. Wannan na ƙarshen tambaya ce mai zaman kanta. Mutum yana iya yarda da hirar awa ɗaya da 'yan uwansa za su saurara, amma bai yarda da daƙiƙa talatin da za ta yi yawo a hannun baƙi ba. Takardar ta ba shi haƙƙin sauraron kashin kafin ya fita, da wa'adi, misali kwana bakwai, da zai iya cewa a cire wani wuri ko a fasa gaba ɗaya ba tare da ya kawo dalili ba. Ta kuma faɗi abin da za ku yi idan ya dawo bayan shekaru ya ce a sauke: za ku sauke, iyakar abin da yake hannunku.

Canza suna kaɗai ba ya ɓoye mutum. Idan ya ce shi malamin lissafi ne, yana da tagwaye, an yi masa tiyatar ƙirji a watan kaza, wanda ya san shi ya gama gane shi ko da an kira shi da wani suna. Aikin mai tacewa ne ya saurara da kunnen maƙwabci ko na abokin aiki, ya tambayi kansa: waɗannan ƙananan bayanan, in an haɗa su, wa suke nunawa? Sannan kada ku dogara da sauya amon murya da kwamfuta. Sauƙaƙan sauyi ana iya juya shi, kuma ko ba a juya ba, salon magana da dariya da kalmomin da mutum ya saba da su suna nan. Wanda da gaske yake cikin haɗari, a rubuta maganarsa wani ɗan sa-kai ya karanta, a kuma gaya wa masu sauraro haka aka yi. Ga wani aikin sa-kai ke nan mai daraja.

Akwai kuma mutanen da suke cikin labari ba su kuwa zauna a hirar ba: tsohuwar budurwa, ɗan uwa, abokin da shi ma ya sauya jinsi bai gaya wa kowa ba. Labarin mutum nasa ne, amma sirrin wani ba nasa ba ne. Dokarku ta zama ba a tona kowa a shirin, ko da wanda ya yi laifi ne, kuma ba a faɗin tsohon sunan kowa.

Ɗanyen sautin da ba a tace ba ya fi kashin da ya fita haɗari, domin a cikinsa ne duk abin da aka ce a cire yake. Ku ajiye shi wuri ɗaya, ku ƙayyade masu ganinsa, ku goge shi bayan wani lokaci da kuka tsayar, misali wata ɗaya da fitar kashin, har da kwafin da ke kwamfutar mai tacewa. Ku rubuta kuma wa yake da mallakar kashin. Hanya mai adalci ita ce mai magana ya riƙe labarinsa, ya ba shirin izinin watsawa.

Doka ta bambanta sosai daga ƙasa zuwa ƙasa. A Tarayyar Turai, dokar kare bayanai ta GDPR da ta fara aiki a 2018 tana sa bayanan lafiya cikin rukunin da ake tsananta kariyarsu. A wasu ƙasashen kuma, bayyana kai ko shiga irin wannan aiki yana iya jawo kamu ko farmaki. Ɗan sa-kai da yake zaune a irin wannan wuri, ku tattauna da shi a kan haɗarin tun farko, ku nemi shawarar lauya ko ƙungiyar kare haƙƙi da ta san wurin, kuma kada sunansa ya fito ko a jerin godiya sai in shi ya nema bayan ya yi tunani.

Mataki na huɗu: horo a kan sauti

Wannan ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Wayar hannu tana iya ba da sauti mai kyau idan ɗakin ya dace. Ƙaramin ɗaki mai labule da katifa da kaya ya fi falo mai faɗi, domin bango tsirara yana mayar da amo. A kashe fanka, a hana kira shigowa, a ajiye wayar kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace ta kada iskar numfashi ta buga. A bar daƙiƙa goma na shiru a farko domin mai tacewa ya samu samfurin hayaniyar ɗakin. Wanda zai riƙa magana a kai a kai, makirufo mai shiga ta USB irin Samson Q2U ya ishe shi.

Idan hira ce daga nesa, kowa ya sa abin kunne, kowa kuma ya naɗi nasa ɓangaren a wurinsa, daga baya a haɗa. Tafi ɗaya a farko yana taimaka wajen daidaita su. Manhajoji irin su Riverside da Zencastr suna yin wannan da kansu, sai dai ku sani sautin yana hawa rumbun kamfanin, abin da ya kamata ku auna idan hirar mai haɗari ce. A naɗa a tsarin WAV, 44.1 ko 48 kHz. A tace da Audacity, kyauta ce kuma tana aiki a kusan kowace kwamfuta. A daidaita ƙarfin sauti kusa da -16 LUFS, ma'aunin da Apple yake ba da shawara, sannan a fitar a MP3. Magana zalla ba ta buƙatar babban fayil, kuma ƙaramin fayil rahama ne ga mai ƙarancin data.

Abu biyu da ake mantawa: fayil ɗin sauti yana iya ɗauke da sunan mai kwamfutar a cikin bayanansa, hoton waya kuma yana iya ɗauke da wurin da aka ɗauke shi. A duba a goge kafin a saki. Kiɗa kuwa, sai wanda kuke da izininsa a rubuce ko mai lasisin Creative Commons, wato izinin da mai kiɗan ya ba kowa bisa wasu sharuɗɗa, in ya halatta irin amfaninku.

Wajen mayar da shiri rubutu, manhajar Whisper da kamfanin OpenAI ya saki a 2022 tana iya aiki a kan kwamfutarku ba tare da sautin ya fita ko'ina ba. Tana kuskure, musamman a harsunan da ba su da yawan rubutu a intanet, don haka dole mutum ya bi bayanta, ya fi mai da hankali ga sunaye da yadda aka ambaci kowa.

Duk wannan ku zuba shi a takarda guda, sabon mai tacewa ya fara gwaji da tsohon kashi. In kun zo gyara masa, ku faɗi abu ɗaya ko biyu da zai canza, ba goma ba. Kuma ga ƙa'idar da ta keɓanta da wannan shiri: mai tacewa ba ya ƙara wa muryar kowa kauri ko ya rage, ba ya kuma yin sharhi a kan yadda take, sai in mai ita ya roƙa.

Mataki na biyar: maganar lafiya

Masu sauraro za su ɗauki abin da suka ji a shirin da muhimmanci fiye da yadda kuke tsammani, musamman waɗanda ba su da likitan da za su tambaya ba tare da tsoro ba. Ku koya wa kowane ɗan sa-kai bambancin "ga abin da ya faru da ni" da "ga abin da za ka yi". Na farko shi ne arzikin shirin. Na biyu aikin likita ne. Ba a faɗin adadin magani, ba a nuna inda za a saya ta bayan fage.

Mai tantancewa ya riƙe madogara da aka sani: ƙa'idojin kulawa na WPATH, ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan lafiyar masu sauyin jinsi, bugu na 8 da ya fito a 2022, da jagorar 2017 ta Endocrine Society, ƙungiyar likitocin sinadaran jiki irin su testostaron. Yana da kyau kuma a san cewa Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta na ICD-11 da ya fara aiki a 2022, ta cire rashin daidaituwar jinsi daga babin cututtukan ƙwaƙwalwa. Akwai kurakuran da suke yawo a baki, in sun shigo hira kada a bar su su wuce. Ga gaskiyar: testostaron ba maganin hana ɗaukar ciki ba ne, ko da al'ada ta tsaya. Wanda har yanzu yake da bakin mahaifa yana buƙatar gwajin kansar wurin. Ɗaure ƙirji da bandeji mai miƙewa ko salatif ɗin gyaran kaya yana iya cutar da haƙarƙari da numfashi. Ko rigar da aka yi don haka ma, shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a wuce awa 8 da ita, kada a kwana da ita. Idan baƙo ya faɗi akasin haka, ko a cire, ko mai gabatarwa ya ƙara gyara a wurin.

Maganar yunƙurin kashe kai za ta taso, domin tana cikin tarihin mutane da yawa. Kada a hana ta, amma a bi shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba 'yan jarida: ba a bayyana hanya, ba a bayyana wuri, a fi ba da ƙarfi ga yadda mutum ya tsallake. A sanar a farkon kashi cewa akwai magana mai nauyi, a kuma sa inda za a nemi taimako. Layin wayar taimako na Trans Lifeline, da aka kafa a 2014, masu sauyin jinsi ne da kansu suke amsa kira, amma Amurka da Kanada kawai yake aiki. Ku duba ƙasashen da aka fi sauraronku, ku nemo abin da yake aiki a can, ku riƙa sabunta shi.

Wanda yake buɗe akwatin saƙo shi zai fara cin karo da mai kuka da tsakar dare. Ku gaya masa tun ranar farko cewa shi ba mai ba da magani ba ne. Ku tanadar masa rubutacciyar amsa mai taushi da jerin wuraren taimako, da mutum ɗaya da zai kira in abin ya fi ƙarfinsa. Kada mutum ɗaya ya riƙe wannan aikin fiye da wata ɗaya a jere. Haka ma mai share zagi a shafukan sada zumunta. Wannan, in akwai mai goyon baya amintacce wanda zagin ba a kansa yake sauka ba, a ba shi.

Mataki na shida: tafiyar yau da kullum

Ku zaɓi tazarar da za ku iya riƙewa a mummunan wata, ba a mai kyau ba. Kashi ɗaya duk mako biyu da ake cikawa ya fi na kowane mako da ake saɓawa. Ku yi aiki zango-zango: kashi takwas ko goma, sai hutu, a lokacin ne kowa zai faɗi ko zai ci gaba. Alkawarin wata uku mutum yana iya ɗauka da zuciya ɗaya, alkawari marar iyaka kuwa tsoro yake bayarwa. Ku ajiye kashi biyu ko uku a shirye kafin zango ya fara, domin za a yi jinya, za a yi tiyata, wani zai rasa aiki ko wurin kwana. Kowane aiki ya zama mutum biyu ne suka iya shi.

Ranar 31 ga Maris, ranar bayyanar masu sauyin jinsi da aka fara a 2009, da 20 ga Nuwamba, ranar tunawa da waɗanda aka kashe da aka fara a 1999, lokuta ne da ake yawan neman ku. Ku shirya musu da wuri, kuma kada ku ɗora wa kowa kashin Nuwamba sai wanda ya ce zai iya.

In kuɗi ya shigo, ko ta Patreon, shafin da masu sauraro suke biyan tallafi a kai a kai, ko ta gudummawa, kowa ya san nawa ne da inda ya tafi. Shafin Open Collective yana nuna shiga da fitar kuɗi a fili. Abin farko da za a kashe wa, bayan kuɗin ajiye shirin a intanet, shi ne mayar wa 'yan sa-kai abin da suka kashe na data da kayan aiki. Ba daidai ba ne mutum ya ba da lokacinsa sannan ya biya daga aljihunsa, kuma rashin kula da wannan shi yake sa marasa hali su janye a shiru. Godiya kuma a yi ta yadda mai ita yake so: wani a ambaci laƙabinsa a ƙarshen shiri, wani takardar shaida da zai nemi aiki da ita wadda ba ta faɗi irin shirin ba.

Saɓani zai faru, kuma a ƙaramar al'umma yakan yi zafi saboda kowa ya san kowa. Ku rubuta ƙa'idar zama tare, ku naɗa mutum biyu da ake kai wa ƙorafi, ɗayansu ba wanda ya kafa shirin ba, domin wata rana ƙorafin a kansa zai kasance.

Mataki na bakwai: fita da miƙa ragama

A 1986 Lou Sullivan ya fara tara maza masu sauyin jinsi a San Faransisko, abin da ya zama ƙungiyar FTM International mai wasiƙar labarai da take kai wa waɗanda suke nesa. Ya rasu a 1991, amma aikin bai bi shi ba, domin Jamison Green ya karɓa ya ci gaba. Ku yi wa shirinku irin wannan tanadin tun kuna da ƙarfi. Asusun da yake riƙe da RSS da sunan shafi da imel kada su kasance da sunan mutum ɗaya kawai. A ajiye kalmomin sirri a manhajar da aka yi don haka irin su Bitwarden, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a kowane asusu, mutum biyu aƙalla su iya shiga.

Mutane za su tafi, kuma dalilan a nan suna da nasu launi. Wani ya kai inda yake so, yana son ya yi rayuwarsa ba tare da kowa ya san tarihinsa ba. Wani ya kasa jure jin tsohuwar muryarsa a kashin shekaru uku da suka wuce. Wani kuma fahimtarsa game da kansa ta canza, ya ɗauki wata hanya. Babu wanda za a tuhuma ko a nemi ya yi bayani a cikinsu. Ku tambaye shi me yake so a yi da tsofaffin kashin da yake ciki: a bar su, a cire sunansa daga rubutu, a yanke ɓangarensa a sake ɗorawa, ko a sauke gaba ɗaya. Ku yi abin da ya zaɓa cikin kwanakin da kuka yi alkawari, ku kuma duba gutsattsarin da kuka taɓa sakawa a wasu shafuka, don su aka fi mantawa.

A ranar da ya tafi, ko da lafiya aka rabu, a rufe damarsa ta shiga folda da asusu, a canza kalmomin sirrin da ya sani, a roƙe shi ya goge sautin wasu da yake kwamfutarsa ya kuma tabbatar ya goge. Ku gaya wa kowa tun ranar shigowa cewa haka ake yi wa duk mai fita, har da wanda ya kafa shirin. Kafin nan, ku nemi ya zauna awa ɗaya da wanda zai gaje shi, su bi aikin tare, ya kuma ƙara a takardar horo duk abin da ya gano wanda babu shi a ciki.